Wata Ashirin da Shida Ina Haɗa Ƙaramin Samfurin Jirgin Cutty Sark

Ranar da na buɗe kwalin, babu wani abu a cikinsa da ya yi kama da jirgin ruwa. Abin da na tarar shi ne dammunan siraran katako da aka ɗaure da roba, da alluna shida waɗanda aka riga aka yanka siffar haƙarƙarin jirgi a jikinsu, da sanduna masu kauri iri-iri, da ƙunshin zare baƙi da mai ruwan ƙasa, da 'yan jakunkunan leda cike da ƙananan kayan ƙarfe waɗanda wasunsu ba su kai kan ashana girma ba, sai kuma manyan takardun zane guda takwas da suka fi teburin aikina faɗi. A kusurwar kowace takarda an rubuta 1:75, wato duk santimita ɗaya a hannuna yana wakiltar santimita 75 a jikin jirgin gaske. A ranar na ɗauki wannan lamba a matsayin bayani kawai, irin wanda ake sa wa a gefen taswira. Sai da aiki ya yi nisa na gane cewa ita ce ke yanke hukunci a kan komai, tun daga kaurin zare har zuwa yawan fentin da ya kamata buroshi ya ɗauka.

Jirgin da na zaɓa shi ne Cutty Sark, wanda aka saukar a ruwa ranar 22 ga Nuwamba 1869 a garin Dumbarton na ƙasar Sikotilan. Hercules Linton ne ya zana shi, an kuma gina shi ne domin John Willis, wani attajirin jiragen ruwa na Landan da ke son jirgin da zai riga kowa isowa da sabon ganyen shayi daga ƙasar Sin. Rashin sa'ar da aka yi shi ne, kwana biyar kafin a saukar da shi aka buɗe mashigin Suwez, wanda ya rage wa jirage masu injin tururi nisan tafiya ƙwarai, alhali masu filafilai dole suka ci gaba da zagaya kudancin Afirka. Ya yi jigilar shayi zuwa 1877, daga baya ya koma ɗaukar gashin tumaki daga Ostareliya, inda ya yi suna a hannun kyaftin Richard Woodget, har ya taɓa zuwa Ingila daga Sidni cikin kwana 73. An sayar da shi ga wani kamfanin Fotugal a 1895, aka dawo da shi Ingila a 1922, kuma tun 1954 yana ajiye a busasshen gurbi a Greenwich da ke Landan. Gobara ta ci wani sashensa a 2007, aka gyara, aka sake buɗe shi ga masu ziyara a 2012, bayan an ɗaga shi sama kimanin mita uku yadda mutum zai iya tsayawa ƙarƙashinsa. Wannan ɗagawar ita ta ja ni gare shi, domin jirgin da har yanzu yana nan, kuma an ɗauki hotunan cikinsa da ƙasansa ta kowace kusurwa, ba ya barin mai haɗa samfuri ya fake da hasashe.

Matsala ta farko ta zo ne tun kafin in taɓa gam. Jirgin da ya shekara fiye da ɗari da hamsin ya sauya kama sau da yawa, don haka dole mutum ya tsayar da shekarar da yake nufi. A 1880 an rage tsawon ginshiƙansa, an kuma cire ƙaramin filafilin da ke can ƙololuwar babban ginshiƙi, saboda a rage yawan ma'aikata da kuɗin tafiyar da shi. Zanen da ke cikin kwalin ya gauraya zamani biyu, ginshiƙan na lokacin shayi ne, wasu kayan saman daɓe kuwa na bayan nan ne. Na zaɓi 1872, shekarar da ya yi tsere da jirgin Thermopylae daga Shanghai, ya ba shi rata mai nisa, sannan matuƙinsa na baya, wato allon da ke juya akalar jirgi, ya karye a tekun Indiya, kafintan jirgin ya ƙera wani a tsakiyar ruwa, suka iso Landan mako guda bayan abokin tseren. Da na tsayar da shekara, sai na ɗauki jan biro na bi zanen ina soke duk abin da bai dace da ita ba.

Abu na biyu da na yi shi ne na yanka ɗan mutum da kwali, mai tsawon milimita 23, wato mutum mai mita 1.7 idan an rage shi sau 75. Wannan ɗan kwalin ya zauna a kan teburina har ƙarshen aiki, kuma duk abin da zan liƙa sai na fara tsayar da shi kusa da shi, in tambayi kaina ko hannunsa zai iya riƙe wannan sanda, ko ƙafarsa za ta iya hawa wannan tsani.

Ginin yana farawa ne da ƙashin baya, wato doguwar allon da ke tafiya daga goshin jirgi zuwa ƙeyarsa, mai tsaga-tsaga inda haƙarƙari goma sha shida za su shiga. Gangar jikin jirgin gaske mita 64.7 ce, faɗinta kusan mita 11, saboda haka tawa ta kama santimita 86 a tsawo da ƙasa da 15 a faɗi. Na kafe ƙashin bayan tsakanin katako biyu miƙaƙƙu a kan allon aiki don kada ya lanƙwashe, na riƙa saka haƙarƙarin ɗaya bayan ɗaya da farin gam na kafintoci, ina auna kowanne da sukwaya. A nan na yi kuskuren da ya bi ni har ƙarshe. Tsagar haƙarƙari na bakwai ta yi faɗi kaɗan, ya zauna ya karkata dama da abin da bai wuce milimita biyu ba, na gani da idona, amma na ce a raina falanki zai rufe. Na kuma yi gaggawa wajen goge gefen haƙarƙarin. Kowanne yana fitowa daga allo da gefe a miƙe, alhali jikin jirgi yana tsukewa ne zuwa goshi da ƙeya, don haka dole a goge gefen a karkace da magagari da samfefa har sai siririn katako ya kwanta a kan uku ko huɗu a jere ba tare da ya bar kafa ko ya yi tudu ba. Aikin da ya kamata ya ci mako guda na gama shi a yini ɗaya, saboda ɗokin in ga jirgi ya fara kama da jirgi.

Sai da na jera falanki tara a kowane gefe laifin ya bayyana. Da na haska fitila daga gefe, na ga wani kwari a hagu daidai haƙarƙari na bakwai, da tudu a dama daidai wurin, kuma duk falankin da na ƙara sai ya bi wannan lanƙwasa ya ƙara fito da ita. Na yi kwana uku ina kewaya teburin ina neman dabarar da za ta hana ni warwarewa, har na yi tunanin cike kwarin da garin katako da gam. Daga ƙarshe na jiƙa mahaɗan da ruwan zafi, gam ya yi laushi, na ɓamɓare falankai goma sha takwas da reza, fiye da rabinsu suka tsage. Na liƙa siririn katako a gefen hagu na haƙarƙarin, na rage na dama, sannan na zauna na yi gugar da na gudu tun farko, wannan karon har kwana tara.

Jera falanki shi ne aikin da ya fi kowanne koya mini siffar jirgin. A tsakiya, nisan da ke tsakanin bakin jirgi da ƙashin baya ya kai milimita 140, wanda falanki 28 masu faɗin milimita biyar suka cika daidai. Kusa da goshi kuwa nisan milimita 98 ne kawai, kuma falankan nan 28 su ne za su ratsa ta wurin, saboda haka dole kowanne ya tsuke zuwa milimita uku da rabi. Na auna kowane haƙarƙari da siririyar takarda, na raba tsawon gida 28, na ɗiga alamomin da fensir, sannan na riƙa fere kowane falanki gwargwadon alamominsa kafin ya hau. Ƙa'idar da masu wannan aiki suke bi ita ce kada a tsuke falanki ya gaza rabin faɗinsa, kuma kada ya ƙare da tsini kamar mashi, domin a jirgin gaske babu inda za a kafa ƙusa a irin wannan tsinin. Wajen lanƙwasawa, nakan jiƙa falanki cikin ruwan zafi na minti ashirin, in goga shi a hankali a jikin ƙarfe mai zafi irin na masu gyaran rediyo, har ya ɗauki lanƙwasar da kansa. Falankin da aka tilasta da ƙusa yana nan yana jiran ranar da zai ɓalle, wanda aka lanƙwasa da zafi kuwa yana kwanciya ko da ba a danne shi ba. Kuma duk wanda na sa a hagu sai na sa ɗan'uwansa a dama kafin in tashi, don kada jan gefe ɗaya ya murɗe jirgin. Falanki biyu a dare, wani lokaci huɗu, haka na yi wata uku.

Bayan an rufe jiki an goge, sai na bi da hawa na biyu na katako mai kaurin rabin milimita, wanda shi ido zai gani. Jirgin gaske haƙarƙarinsa na ƙarfe ne, falankansa na katako, kuma daga layin ruwa zuwa sama baƙin fenti ne. Na shafa fentin a tsinke sau biyar ina gogewa tsakaninsu, saboda shafa ɗaya mai kauri za ta cike layukan da ke tsakanin falankai, jikin ya koma kamar roba. Wajen fitar da layin ruwa, na daidaita jirgin a kan tebur mai santsi, na ɗaure fensir a kan guntun katako mai tsawon da ake bukata, na zagaya da shi.

Ƙasan layin ruwa shi ne inda na fara saɓa wa kwalin. Jiragen katako na wancan zamani ana lulluɓe ƙasansu da faifan ƙarfe don kare su daga tsutsar teku mai huda katako, da kuma ciyawa da ƙananan halittun da ke manne wa jiki su rage gudu. Abin da aka ba ni jan ƙarfe ne mai ja sosai, kowane faifai da ƙusoshi bulƙa-bulƙa a jikinsa. Amma Cutty Sark da ƙarfen Muntz aka lulluɓe shi, wato gaurayen jan ƙarfe kashi 60 da tutiya kashi 40, wanda George Muntz na Birmingham ya yi wa rajista a 1832, kuma launinsa ya fi karkata ga ruwan ɗorawa. Ƙusoshin kuwa, da na tsayar da ɗan kwalina kusa da su, sai na ga kowace ta kai girman dunƙulen hannunsa. Na ajiye su gefe, na nemo fallen tagulla mai laushi kamar takarda, na yanka shi faifai-faifai. Faifan gaske inci 48 ne a tsawo da 14 a faɗi, wanda ya ba ni milimita 16 da ɗan ƙasa da biyar. Na fara daga ƙeya kusa da ƙashin baya, ina tafiya gaba ina hawa sama, kowane faifai yana ɗan hawa kan na bayansa, mahaɗan kuma suna saɓawa kamar jerin bulo. Sun haura dubu biyu. Ban yi musu alamar ƙusa ko ɗaya ba, domin a wannan ma'auni kan ƙusa bai kai ɗigon allura ba, kuma wanda ya tsaya nesa da jirgin gaske gwargwadon yadda mai kallo zai tsaya da nawa, layukan faifan kaɗai zai gani.

Daɓen sama ya zo da sauƙi. Katakon da aka bayar faɗinsa milimita uku ne, wato santimita 22 da rabi a gaske, wanda ya fi abin da hotuna ke nunawa, don haka na rage shi zuwa biyu. A jirgin gaske ana cusa zaren igiya tsakanin falankan daɓe a bi da kwalta, shi ya sa ake ganin baƙaƙen layuka. Ni kuwa gefe ɗaya na kowane falanki na goga wa fensir mai laushi kafin in liƙa. Na gwada alƙalami mai tawada a kan guntu, tawadar ta bi jijiyar katako ta bazu, na gode da ban gwada a kan jirgin ba.

Daga nan aka shiga ƙananan kaya, inda wata biyar suka tafi ban san inda suka shiga ba: ɗakuna biyu na saman daɓe da ƙofofinsu, da murafun rumbunan kaya, da famfon kwashe ruwa, da na'urar naɗe sarƙar anka, da sitiyarin tuƙi, da kwale-kwalen ceto da ke kife a kan marikansu. A nan ɗan kwali ya yi aiki sosai. Turakun da ake ɗaure igiya a jikinsu, waɗanda ya kamata mutum ya riƙe da hannu ɗaya, sun zo masa kamar taɓarya, sai na maye gurbinsu da guntayen waya da na ɗiga wa gam a kai. Tsanin hawa bayan jirgi matakansa sun kai masa gwiwa, na sake yin wani. Tagogin ɗakunan na yi su da ledar fim mai haske, amma sai da na ɓata guda shida kafin in gane cewa tururin gam mai kama nan take yana sa su yin fari kamar hazo, farin gam ne ya dace da su. Siffar da ke goshin jirgin mace ce mai miƙe da hannu riƙe da jelar doki, daga wata waƙar Robert Burns, mawaƙin Sikotilan, aka ɗauko ta, daga can ne kuma sunan jirgin ya fito, wanda ke nufin gajeriyar riga a harshen mutanen Sikotilan. Tawa ba ta kai tsawon yatsa ba, jelar kuwa da gashin tsohon buroshi na yi ta.

Ginshiƙan uku ne, kowanne kashi uku aka ɗora wani kan wani, na ƙasa na ƙarfe ne a jirgin gaske kuma fari ne. Babban cikinsu ya kai ƙafa 152, kimanin mita 46, wanda ya zama kusan santimita 62 a wurina. Sandunan da aka bayar kaurinsu ɗaya ne daga farko zuwa ƙarshe, alhali kowane ginshiƙi yana sirancewa zuwa sama, kowace sandar gicciye kuma tana sirancewa zuwa bakunanta biyu. Na gwada maƙala sanda a bakin injin huda ina riƙe da samfefa, ta yi zafi ta karye. Hanyar da ta yi mini ita ce ta tsofaffin maƙera jirgi: a fere sandar ta zama mai kusurwa huɗu da tsukewar da ake so, a mai da ita mai takwas, sannan a goge ta koma zagaye. Sandunan gicciye goma sha shida na yi haka, kuma kowace na gama saka mata ƙarafanta da igiyar da matuƙa ke takawa tun tana kan tebur, domin bayan ta hau sama hannu ba ya isa.

Igiyoyi su ne rabin aikin gaba ɗaya, ko da yake ban yarda da hakan ba sai da na shiga. Jirgin yana ɗauke da igiya mai tsawon mil 11, wanda idan aka raba da 75 ya haura mita 230 na zare. Kashi biyu ne: waɗanda ke tsaye suna riƙe da ginshiƙai, baƙaƙe, da waɗanda ake ja ana sassautawa don sarrafa filafilai, masu ruwan ƙasa. Zare mai kaurin milimita ɗaya igiya ce mai santimita bakwai da rabi, saboda haka kauri biyu da aka ba ni ba su isa ba, sai da na tara kauri shida, mafi siranta a can sama, domin abin da ke sa ido ya yarda da tsawon ginshiƙi shi ne yadda igiyoyi ke ƙara siranta yayin da suke hawa. Kowane zare sai na ja shi ta cikin kakin zuma don gashinsa ya kwanta, in ba haka ba ƙura ta samu wurin zama. Tsarin kuwa daga ƙasa zuwa sama ne, daga tsakiya zuwa waje, saboda duk igiyar da aka manta a ciki, sai an ratsa ta cikin ashirin kafin a kai gare ta.

Igiyoyin da ke riƙe ginshiƙi ta gefe suna ƙarewa ne a kan wasu 'yan ƙwallayen katako masu huda uku, biyu-biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, ana haɗa su da siririn zare. Don su jeru a layi ɗaya, na lanƙwasa guntun waya mai ƙugiya biyu da ke riƙe tazararsu daidai har in gama ɗaurewa. Sai tsanin igiya da matuƙa ke hawa, wanda matakansa suke da tazarar kusan inci 15 a gaske, wato milimita biyar a nan. Na ja layuka a farin kati na saka shi a bayan igiyoyin, ina bin layi ina ƙullawa da hantsaki biyu, ƙulli ɗaya a kan kowace igiya, in ɗiga farin gam da aka tsinka da ruwa, in bari ya bushe kafin in yanke bakin. Na daina ƙirga ƙullin bayan na wuce dubu. Haɗarin wannan aiki shi ne jan zare da ƙarfi, domin kowane mataki yana ɗan matso da igiyoyin gefe, kafin mutum ya ankara tsanin ya tsuke a tsakiya kamar ƙugu. Na ginshiƙin gaba sai da na yanke shi duka na sake, daga nan na koma ƙulla kowane mataki na biyar tukuna, sannan in cike tsakaninsu.

Wani abin da babu takardar da ta gaya mini shi ne zaren auduga yana jin yanayi. Na ɗaure igiyoyin ginshiƙin baya a lokacin da iska ke da laima, suka yi tsam kamar tsirkiya, bayan wata biyu da iska ta bushe sai na tarar sun saki suna lilo. Da na ƙara ja musu, laima ta dawo, suka janye ƙololuwar ginshiƙin zuwa dama har ana gani daga bakin ƙofa. Tun daga nan na rataya zare mai ɗan nauyi a ƙasa daga silin, daidai tsakiyar jirgin, ina duba ginshiƙan uku da shi duk lokacin da na ɗaure igiya, kuma na koyi barin ƙullin ƙarshe ba gam har sai ɗan'uwansa na ɗaya gefen ya hau. Igiya a samfuri ana so ta miƙe ne kawai, ba ta ɗauki nauyi ba.

A kan filafilai na daɗe ina jayayya da kaina. Jirgin yana iya baza filafilai 32, masu faɗin kusan murabba'in mita 3,000, kuma da su ne yake kai gudun da ya yi suna da shi. An ba ni yadi da aka riga aka ɗinke, na ɗora ɗaya na ja da baya na duba. Yadin da kaurinsa bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na milimita ba ya zama mai santimita ɗaya da rabi a ma'aunin jirgin, ɗinkin kuma kowane taki ya fi tafin hannun ɗan kwalina, ga shi ya rufe aikin igiyar da na yi wata takwas ina yi. Na cire shi. Na nemo takarda mai laushi marar nauyi, na rina ta da fenti tsinkakke, na yanka ta ƙasa da rabin tsawon filafilin gaske, na jiƙa na naɗe ta a kan sandunan ƙasa kamar yadda ake naɗewa idan jirgi ya tsaya a tasha. Sauran sandunan na bar su tsirara. Akwai masu ganin jirgi ba filafilai kamar tsuntsu ne da aka fige, ina kuma fahimtarsu, amma a ganina yadi shi ne abin da ya fi saurin tona asirin samfuri.

Saura mako biyu in gama, na miƙa hannu ta saman goshin jirgin zan ɗauki almakashi, hannun rigata ya kama bakin sandar goshi, na ji ƙaras. Sandar ta karye daidai inda ta fi siranta, igiyoyi tara da ke ɗaure da ita suka zube, ginshiƙin gaba ya ɗan koma baya. Ban taɓa komai ba a daren. Washegari na huda ɓangarorin biyu da abin huda mai kaurin rabin milimita, na saka guntuwar wayar tagulla a tsakiya, na haɗa da gam, na naɗe wurin da baƙin zare yadda zai yi kama da ɗauri na asali, sannan na mayar da igiyoyin ɗaya bayan ɗaya ina duba zaren da ke rataye daga silin. Tun daga ranar ban ƙara zama gaban jirgin da riga mai dogon hannu ba.

Matuƙin baya shi na saka a ƙarshe, da 'yan maratayansa na tagulla, sannan na ɗora jirgin a kan ƙafafu biyu da na riga na huda musu gurbi a ƙashin baya tun watan farko, wanda yana cikin 'yan abubuwan da na yi a kan lokacinsu. Daga bakin sandar goshi zuwa ƙarshen sandar baya ya ɗan haura mita ɗaya da santimita goma. Na sa aka yanka gilashi aka haɗa masa akwati, saboda ƙurar da ta shiga tsakanin igiyoyin nan babu buroshin da zai fitar da ita ba tare da ɓarna ba. Kafin in rufe, na kashe fitilar ɗaki na haska tocila daga goshi zuwa ƙeya, kamar yadda na yi a watan biyu. Gefen dama ya tafi sumul. A hagu, daidai haƙarƙari na bakwai, hasken ya ɗan nutse a kan faifan tagulla huɗu ko biyar kafin ya ci gaba. Na juya wannan gefen ya fuskanci bango, na ɗauki ɗan kwalina da hantsaki na tsayar da shi kusa da sitiyari, sannan aka taya ni muka ɗaga gilashin muka sauke shi a hankali.